Kurakuran da ake yi wajen odar abinci daga kicin ɗin da ba a gani

Akwai kicin da babu tebur babu kujera a cikinsa, ba mai shiga ya zauna ya ci. Dafawa kawai ake yi, masu babur su kwasa su kai wa waɗanda suka yi oda ta waya. Irinsu sun yawaita tun kullen korona na 2020, kuma ba aibu ba ne, wasunsu ma sun fi manyan gidajen abinci tsafta. Sai dai idon mai saye ba ya kaiwa can, shi ya sa yake dogara da abin da ba shi da tushe.

Suna da hoto ne suka fi ruɗar mutane. Kicin ɗaya kan fito a manhaja da sunaye huɗu ko biyar, wannan na kaza, wancan na taliya, alhali murhu ɗaya ne, ma'aikatan ma su ne dai. Mutum ya ci na farko cikinsa ya ɓaci, ya yi fushi ya koma na biyu, ashe inda ya baro ya dawo. Maganin wannan shi ne duba adireshi, kuma wanda ya ɓoye nasa a bar masa kayansa. Taurarin manhaja kuwa ɗanɗano da saurin kawowa suke nunawa, wanda ya ba da biyar bai taɓa leƙa firjinsu ba. Rajista da hukumar duba abinci ita ce abin nema. A Ingila, alal misali, ana ba wuraren sayar da abinci maki daga 0 zuwa 5 kan tsafta, kowa na iya dubawa a intanet.

Babban kuskuren dai a gidan mai saye ake tafka shi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selsiyos, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Mutane suna fara ƙirgen daga lokacin da aka miƙo musu leda, su manta da zaman da abincin ya yi yana jiran ɗan aike, da zagayen da aka yi da shi kafin a iso. A taɓa mazubin da hannu. In na zafi ne ya zo da zafinsa, in na sanyi ne ya zo da sanyinsa. Wanda ya zo da ɗumi-ɗumi bayan doguwar jira, ko aka ga an ɓalle liƙin murfinsa, a ɗauki hoto a mayar.

Shinkafa ta fi cin amana. Tana ɗauke da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda irinta ba ya mutuwa a tukunya. In shinkafar ta daɗe a waje sai ƙwayar cutar ta fitar da guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta, ko da an turara har tana ƙona baki. Saboda haka ragowar ta shiga firji da wuri, a cikin mazubi mai faɗi don ta yi saurin hucewa, a ɗumama sau ɗaya tak har tsakiya ta ɗau zafi sosai. Kada a ce bari a shinshina a ji. Abincin da zai kwantar da mutum sau da yawa ƙamshinsa lafiya ƙalau yake.

Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai, madara ko kifi, kada ya tsaya ga ɗan rubutun da ya bari a manhaja, don ba kullum yake isa ga kuku ba. Ya kira ya tambaya, har da ko a mai ɗaya ake suyar komai.

In amai da gudawa sun zo, akan ɗora wa abincin ƙarshe laifi, kuma ba lallai shi ba ne. Gubar shinkafa tana bayyana cikin 'yan awanni, amma ƙwayar cutar Campylobacter da ake samu a kazar da ba ta dahu ba takan ɗauki kwana 2 zuwa 5. A tuno duk abin da aka ci a kwanakin, a adana shaidar odar, a sanar da manhajar da hukuma. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko kuma yaro ne, tsoho ko mai juna biyu, asibiti za a nufa.