Darasi na 9: Yadda Ake Saba wa Kwikwiyo da Keji da Wurin Yin Bayan Gida

A unguwannin da ke bakin garin Kaduna, irin su Rigasa, Mando, Kinkinau da Sabon Tasha, gidaje da yawa suna ajiye kare don gadi. Yawanci tun yana kwikwiyo ake kawo shi. Kwana biyu da zuwansa sai rigima ta tashi: ya yi fitsari a ƙofar ɗaki, ya yi kashi kusa da inda ake alwala, uwargida ta ce ba za ta zauna da ƙazanta ba. Daga nan sai duka, ko a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida a manta da shi. Wannan darasi zai nuna mana hanyar da ta fi wannan sauƙi.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Wanda aka raba da wuri yakan yi yawan kuka, kuma koya masa abu yakan yi wuya.

Kejin

Kare ba ya son ɓata makwancinsa. Haka Allah Ya halicce shi. Da wannan hali za mu yi amfani. Idan kwikwiyo yana da ɗan wurin kwana nasa na kansa, zai riƙe fitsari iyakar ƙarfinsa har a fito da shi.

Masu walda da kafintoci a kasuwar Panteka suna haɗa keji, amma kai ne za ka faɗa musu girman. Ya zama kwikwiyon zai iya miƙewa tsaye ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Iyakarsa ke nan. Mutane da yawa suna sa a yi musu ƙaton keji, suna cewa ai zai girma. Gaskiya ne zai girma, amma a ƙaton keji zai kwanta a kusurwa ɗaya ya mai da ɗayar masai. Idan ka riga ka sayi babba, raba shi da katako, ka riƙa matsar da katakon yana girma.

Kafin ka biya kuɗi, shafa hannunka a cikin kejin ko'ina. In tsinin waya ya karce ka, to zai yanke shi. A sa katako a ƙasa, a shimfiɗa tsohon buhu ko tsumma, domin wayar ƙasa tana ji wa tafin ƙafarsa ciwo.

Inda za a ajiye kejin ma abin dubawa ne. A watan Maris da Afrilu, keji mai rufin kwano da aka bari a rana yana iya kashe kwikwiyo cikin wuni ɗaya. Kare ba ya yin gumi yadda muke yi, da haki yake fitar da zafi. A sa kejin a inuwa, ƙarƙashin darbejiya ko rumfa, inda iska ke wucewa, da kwanon ruwa a kusa. Da damina a ɗora shi a kan bulo. Da hunturu a rufe gefe 3 da buhu idan dare ya yi.

Ranakun farko

Kada ka tura shi ciki ka rufe. Bar ƙofar a buɗe, ka ajiye kwanon abincinsa a bakin keji. Gobe ka matsar da kwanon ciki kaɗan, jibi ka kai shi can ƙurya. Idan ya saba shiga da ƙafarsa, rufe ƙofar yana cin abinci, ka buɗe da ya gama. Daga nan ka riƙa ƙara lokaci: minti 5, minti 10, rabin awa.

Daren farko zai yi kuka. Jiya yana kwance cikin 'yan uwansa a jikin uwarsa, yau ga shi shi kaɗai a baƙon wuri. Ajiye kejin inda zai ji motsin mutane, kamar kusa da tagar ɗakinka, ka sa masa tsohuwar rigar da ka daina sawa. Idan kukan ya yi tsanani, fito da shi, kai shi wurin fitsari, ka mayar da shi ba tare da wasa ba. Haka zai gane cewa fitowar dare ta fitsari ce kawai.

Abu ɗaya nake roƙon ku: kada keji ya zama gidan yari. Ranar da ka jefa shi ciki cikin fushi don ya tauna takalmi, ka rushe aikin mako guda. Kuma a hana yara zungurarsa da kara ta cikin waya. Karen da aka tsokana a keji shi ne yake tashi da cizo.

Wurin bayan gida

Zaɓi wuri ɗaya a cikin gida, nesa da murhu, nesa da rijiya, nesa da inda yara ke wasa da inda ake shimfiɗa tabarmar salla. Zuba yashi a wurin. Kada a canza shi, domin da hanci kare yake gane masai.

Mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce. Ga ƙiyasin da masu kiwon karnuka ke bi da rana: watanninsa nawa, awanninsa nawa. Mai wata 2 zai riƙe fitsari kamar awa 2, mai wata 3 kamar awa 3. Wanda ya rufe kwikwiyo mai wata 2 tun safe ya tafi Kasuwar Barci sai la'asar, zai dawo ya tarar da keji jage-jage, kuma laifin ba na kwikwiyon ba ne. In za ka wuni a waje, ka bar wa wani a gida aikin fito da shi.

Lokutan da ba a wasa da su su ne da zarar ya tashi daga barci, bayan ya ci ko ya sha, bayan ya yi wasa, da kuma kafin a kwanta. Bayan cin abinci ba ya wuce minti 15 zuwa 30 sai cikinsa ya motsa. Shi ya sa ake ba shi abinci a kan lokaci, sau 3 ko 4 a rana, a ɗauke kwanon in ya gama. Idan abinci yana shiga a kan lokaci, zai fita a kan lokaci. Mu da muke tashi da asuba mun samu sauƙi: ana idar da salla sai a buɗe keji, a ɗauke shi cak zuwa yashi, kada a bari ya taka da kansa, don a hanya zai tsuguna.

A wurin, tsaya shiru. Faɗi kalma ɗaya kullum, misali "yi maza". Da ya gama, nan take ka shafa kansa, ka yaba masa da murya mai daɗi, ka ba shi ɗan guntun nama ko busasshen kifi marar ƙaya. Nan take na ce. In ka bari sai kun koma tsakar gida, ba zai san ladan me ya samu ba.

Koyi karanta jikinsa. Idan ya bar wasa farat ɗaya, ya sa hanci a ƙasa yana sunsune, yana zagaye wuri ɗaya, to saura ƙiris. Ɗauke shi.

In ya yi kuskure

Kwikwiyon da na fara riƙewa baƙi ne, muna kiransa Duna. Duk lokacin da na tarar da kashi a tsakar gida, sai in jawo shi in dangwala hancinsa a ciki in make shi, domin haka na ga ana yi. Bayan mako biyu tsakar gida ta yi fes, na ɗauka ya koya. Sai wari ya ishe mu. Da muka janye durom ɗin ruwa, ga kashi nan tuli a bayansa. Abin da Duna ya koya shi ne kada ya yi a gabana. Ko na kai shi yashi, sai ya maƙale wutsiya yana rawar jiki ya ƙi yi. Sai da na shafe fiye da wata ina lallashinsa kafin ya sake yarda da ni, kuma har yau abin yana damuna.

Kare ba ya haɗa dukan yanzu da laifin ɗazu. Idan ka kama shi yana cikin yi, tafa hannu sau ɗaya, ka ɗauke shi zuwa yashi, in ya ƙarasa a can ka yaba masa. Idan kuwa bayan ya gama ka gani, kwashe kawai. Wanke wurin da omo da ruwa sosai har sau biyu, domin ko kai ba ka ji wari ba, shi yana ji, kuma zai koma. Yawancin kwikwiyo suna kamawa sosai tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu sai sun kusa shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali.

Lafiyar gida

A kwashe kashin kare kullum da shebur, a zuba a masai ko a binne, a wanke hannu da sabulu. Kashin kwikwiyo yakan ɗauki ƙwan tsutsar ciki, kuma yaron da ke rarrafe yana kai ƙasa baki zai iya kamuwa. Kai shi wurin likitan dabbobi tun makon farko don maganin tsutsa da allurar rigakafi. Kafin ya gama allurai, kada a fita da shi bakin kwata ko bola inda wasu karnuka ke kashi, a nan ake ɗaukar cutar amai da gudawa mai jini da ke kashe ƙananan karnuka. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta idan ya cika wata 3, likita zai faɗa maka lokacin maimaitawa. A nan Najeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, tana haɗa wannan allura. Ajiye katin allurar inda kake ajiye takardun gida. In kare ya ciji mutum, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Idan kwikwiyon da ya riga ya saba ya koma yawan fitsari kaɗan-kaɗan, ko yana kuka in zai yi, ba taurin kai ba ne, a kai shi wurin likita.

Aikin rubutu

Ja layi a littafinka, ka raba shafi gida biyu. A hannun dama rubuta: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha. A hannun hagu rubuta abin da za ka yi wa kwikwiyo mai wata 2 a kowane lokaci, da wanda zai yi idan ba ka gida. Kawo littafin aji mako mai zuwa mu karanta tare.