Yadda Kulob Ɗin Besbol Zai Auna Ɗauko Gogaggen Mai Tsaron Cikin Fili

A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ana rufe musayar 'yan wasa wajajen ƙarshen Yuli. Kafin ka ba da matasanka don ɗauko gogagge, fara duba teburin gasa: idan kulob ɗinka ya yi nisa a baya cikin wasanni 162, ka haƙura.

Sai ka duba ƙafafun ɗan wasan da kake son ɗaukowa. Bayan shekara 30, saurin kai wa ƙwallo hagu da dama ne ke fara raguwa, tun kafin bugu ya lalace. A cikin zangunan da mai bugu ke bi yana zagaya fili, mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku ya fi shan wannan wahala, na zango na farko kuwa yakan daɗe. Shi ya sa cinikin Boston na 2018 ya yi kyau: ta karɓo Steve Pearce, mai tsaron zango na farko mai shekara 35, daga Toronto domin ya fuskanci masu jifa da hagu, ya kuma zama gwarzon wasannin ƙarshe.

Karanta kwantiragin wanda kake son ɗaukowa. Wanda ya yi shekara 10 a gasar, 5 na ƙarshe a kulob ɗaya, yana da ikon ƙin musayar. Idan kwantiragin zai ƙare bana, haya ce ta wata biyu, kada ka biya ta da matashinka mafi daraja.