Yadda ake samun inshorar mota a Amurka bayan hukuncin tuƙi cikin maye

Wanda kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye a Amurka, wato DUI, ko DWI a wasu jihohin, yakan biya tara, ya halarci ajin wayar da kai kan maye da alƙali ya ɗora masa, ya ɗauka ya sauke nauyi. Sai ga wasiƙa daga kamfanin inshora: ko kuɗin ya yi tashin gwauron zabi, ko an ce ba za a sabunta masa ba. Daga nan sunansa ya shiga jerin direbobi masu haɗari, kuma a yawancin jihohi ba zai karɓi lasisinsa ba sai ya nuna wa hukuma cewa akwai kamfanin da ya yarda ya tsaya masa.

Kada wani ya ce ai shi ba ya shan giya, maganar ba ta shafe shi ba. Dokar ta haɗa da wiwi, da maganin tari mai sa maye, har da ƙwayar barcin da likita ya rubuta, muddin ta taɓa hankalin direba. Game da giya kuwa, iyakar ita ce kashi 0.08 cikin ɗari a jini, sai jihar Yuta da ta sauke tata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Tsananin yana da dalili: a shekarar 2022 kaɗai, fiye da mutum 13,000 ne suka mutu a titunan Amurka a haɗurran da maye ya shiga ciki. Na fi so kowa ya riƙe wannan a ransa kafin mu shiga lissafin dala.

Abu na farko, ka tattara takardunka ka karanta su da kyau. Shari'a biyu ke kanka, ta kotu daban, ta hukumar lasisi daban, wadda a jihohi da dama ake kira DMV. Hukumar tana iya dakatar da lasisi tun kafin a shiga gaban alƙali, kuma wa'adin neman a saurare ka gajere ne ƙwarai: kwana 10 a Kalifoniya, kwana 15 a Tekzas. A cikin wasiƙar dakatarwar za ka ga sharuɗɗan dawo da lasisi: tsawon dakatarwa, kuɗin maidowa, aji, wani lokaci da na'urar hura numfashi da ake ɗaura wa mota, wadda ba ta barin inji ya tashi sai ka busa ta ga babu giya. A New York, dokar Leandra ta 2009 ta wajabta wannan na'ura ga duk wanda aka samu da laifin DWI. Idan ba ɗan ƙasa ba ne kai, ka ga lauyan shige da fice kafin ka amsa laifi a kotu, domin maganar tana iya taɓa biza da neman zama ɗan ƙasa.

Sannan ka gano wace takardar shaida jiharka take so. A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Za ka ji ana cewa "inshorar SR-22" kamar wani nau'in inshora ne na musamman. Takarda ce kawai da kamfanin inshora yake aika wa hukuma, yana shaida cewa wane yana da aƙalla mafi ƙarancin inshorar da doka ta tanada. Ba kai kake cike ta ba, ba kai kake kai ta ba. Kuɗin aikawar bai taka kara ya karya ba, galibi wajen dala 25 ne. Tsadar tana cikin inshorar kanta, saboda laifin da ke rubuce a tarihin tuƙinka.

Yawancin jihohi suna so a riƙe takardar SR-22 shekara 3, Tekzas kuma shekara 2. Filorida da Birjiniya suna da tasu mai nauyi ga masu laifin maye, FR-44. A Filorida sai inshorarka ta kai dala 100,000 na raunin mutum ɗaya, 300,000 na haɗari guda, da 50,000 na ɓarnar dukiya. Birjiniya tana neman ninki biyu na mafi ƙarancin da aka saba. New York ba ta amfani da SR-22 sam, amma tana karɓar dala 250 duk shekara har shekara 3 a kan tarar kotu, kuma kamfanoni suna ganin laifin su ƙara kuɗi kamar ko'ina.

Yanzu sai ka kira kamfanin da kake tare da shi. Na san nauyin wannan kira. Mutumin da ake gaisarwa da girma a masallacin Juma'a, iyalinsa ma ba su san an kama shi ba, zai ɗauki waya ya faɗa wa baƙo abin da ya faru. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kamfanoni suna janyo tarihin tuƙi daga hukuma lokacin sabuntawa, kuma da zarar ka nemi SR-22 sun san dalili. Wanda ya yi ƙarya a takardar neman inshora ya ba kamfani hujjar soke ta, ko ƙin biya ranar da aka yi haɗari, ranar da ya fi bukatarta ke nan. Ka tambaye su abu uku: kuna aika SR-22? Nawa sabon kuɗin zai zama? Za ku sabunta mini? Ko da amsar ba ta yi daɗi ba, kada ka soke tsohuwar sai sabuwa ta fara aiki.

Daga nan ka shiga kasuwa ka taya. Bambancin farashi tsakanin kamfanoni a kan mutum ɗaya da laifi ɗaya yana da yawa, domin kowanne da yadda yake auna haɗari. Progressive yana karɓar irin waɗannan direbobi, akwai kuma waɗanda sana'arsu ke nan, irin su Dairyland, The General da Bristol West. Abin da na fi ba da shawara shi ne dillali mai zaman kansa, wanda yake hulɗa da kamfanoni da yawa, ya zauna ya jera maka farashi huɗu ko biyar a kan sharuɗɗa iri ɗaya. Ka duba lasisinsa a shafin hukumar inshora ta jiharka kafin ka miƙa masa ko sisi. Duk wanda ya ce ka ba shi tsabar kuɗi a gefen titi ya haɗa maka kati, ko ya ce ka sa adireshin ɗan'uwanka na wata jiha don a sami sauƙi, zamba yake jefa ka ciki, laifi a kan laifi.

Idan ba ka da mota fa, ko ka sayar da ita don biyan lauya? Akwai inshorar marar mota, wadda take rufe ka idan ka ari motar wani, kuma ana ɗora SR-22 a kanta. Ta fi araha nesa ba kusa ba, kwanakin wa'adin SR-22 ɗinka kuma suna tafiya. Sai dai ba ta rufe motar da ke cikin gidanka wadda kake hawa kullum.

Wanda kowa ya ƙi, akwai ƙofar ƙarshe. Jihohi suna da tsarin da ake raba direbobin da aka ƙi ga kamfanoni bisa tilas: CAARP a Kalifoniya, TAIPA a Tekzas, New York ma tana da nata. Kowane dillali mai lasisi zai iya shigar da kai. Yana da tsada, abin da yake rufewa kuma kaɗan ne, don haka a mai da shi wurin fakewa na ɗan lokaci, ana ci gaba da neman wani.

Ga inda nake so a fi kula. Samun inshorar ba shi ne mai wuya ba, riƙe ta ne. Ranar da ta katse, ko don katin banki ya ƙare, ko albashi ya makara, doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukuma da wata takarda mai suna SR-26. Lasisi ya sake tsayawa, a sake biyan kuɗin maidowa, kuma a jihohi da dama lissafin shekarun yakan koma farko. Ka duba mutumin da ya yi wata 30 yana biya ba fashi, ya tafi gida ganin mahaifiya, ya ce ai motar tana ajiye, bari ya tsayar da inshorar na wata biyu. Ya dawo ya tarar da wasiƙar dakatarwa a akwati. Hukuma ba ruwanta da cewa motar ba ta motsa ba. Saboda haka ka sa a riƙa cire kuɗin kai tsaye daga asusun da ba ya bushewa, ko ka biya na wata 6 gaba ɗaya idan da hali, sau da yawa ma ana rage wani abu a kan haka. Idan za ka canza kamfani, sabon ya aika tasa takardar tukuna. Idan ka ƙaura zuwa wata jiha, wajibcin jihar farko yana nan a wuyanka, kuma sabuwar za ta gani a rumbun bayanan direbobi na ƙasa.

Rage kuɗin yana yiwuwa, ko da ba da yawa ba. Tsohuwar mota da ka gama biya za ta iya zama da inshorar ɓarnar da ka yi wa wasu kaɗai, amma motar bashi dole a rufe ta gaba ɗaya. Yarda da na'urar da ke bin yadda kake tuƙi yana taimaka wa mai natsuwa. Wasu iyalai sukan cire mai laifin daga inshorar matarsa a rubuce don kuɗinta kada ya hau. Idan an yi haka, kada ya taɓa sitiyarin motar ko zuwa shagon kusa, domin kamfani ba zai biya komai ba.

Masu cin abinci da tuƙi su san cewa inshora ba ta dawo da aiki. Kamfanonin tasi na Uber da Lyft suna duba tarihin tuƙi aƙalla shekara 7 baya. Mai lasisin babbar mota, CDL, yana rasa shi na shekara 1 a laifin farko, ko da a ƙaramar motarsa aka kama shi, na biyu kuma haramcin na har abada ne a ƙa'ida.

Idan wa'adin ya cika, kada ka dogara da lissafin kanka. Ka tuntuɓi hukuma ta tabbatar maka da ranar, zai fi kyau a rubuce, sannan ka ce wa kamfani ya cire takardar. Ka sake taya farashi a lokacin, da kuma duk shekara bayan nan, domin yawancin kamfanoni shekara 3 zuwa 5 suke dubawa. A Kalifoniya kam laifin yana zama shekara 10 a tarihin tuƙi, kuma sai sun cika ake dawo wa mutum da rangwamen kashi 20 na direban kirki.