Yadda Za Ku Sa Kwamfuta Ta Gwada Manhaja Da Kanta

Ana yawan tambayar yadda za a sa kwamfuta ta gwada manhaja da kanta, to ga hanyar da na fi so ga mai farawa: PyAutoGUI, wato ƙarin kayan aiki na yaren shirye-shirye na Python da ke sarrafa linzami (mouse) da madannai. Za mu gwada kalkuletar Windows.

1. Ku saka Python a kwamfuta.
2. A Command Prompt, wato tagar ba kwamfuta umarni, ku rubuta: pip install pyautogui pillow opencv-python
3. Ku buɗe kalkuleta.
4. Ku yanki hoton maɓallin 7 kaɗai daga allo.
5. Ku ajiye shi da sunan bakwai.png.

Hattara! Nan ake yawan tuntuɓe. A allon da za a yi gwajin za ku ɗauki hoton. In girman rubutun allo ya sauya daga 100% zuwa 125%, ko launi ya koma baƙi, PyAutoGUI ba za ta gane maɓallin ba.

6. A sabon fayil na Python, ku fara da: import pyautogui, time
7. Ku nemo maɓallin: wuri = pyautogui.locateCenterOnScreen('bakwai.png', confidence=0.9)
8. Ku danna: pyautogui.click(wuri)
9. Ku jira: time.sleep(2). Kada ku tsallake wannan, manhaja na da nawa wani lokaci.
10. Ku yanki hoton sakamakon (7 ɗin da kalkuleta ke nunawa bayan dannawa) tun da farko kamar mataki na 4, sannan ku neme shi kamar mataki na 7. In ya bayyana, gwaji ya yi.

In linzami ya fara gudu ba kai ba gindi, ku ja shi da sauri zuwa kusurwar allo ta sama hagu. Aikin zai tsaya da zarar PyAutoGUI ta zo umarninta na gaba.