Kafin ku ce "Amin," ku duba ayoyin da ke kewaye

'Yan'uwa, salama a gare ku.

Duk ayar da aka jefo muku, a wa'azi ko a WhatsApp, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta ayoyi goma kafinta, goma bayanta. Minti biyar ya isa.

Ni sai da na sha wuya na koya. A wani taron farkawa mai wa'azi ya ɗauko Luka 6:38, inda aka ce "Ku bayar, za a ba ku," ya ce mu "shuka iri" mu girbi ninki. Na zuba kuɗin makarantar 'yata a kwandon baiko. Da na koma gida na fara daga aya 27, ashe Yesu maganar ƙaunar maƙiyi da gafara yake yi. Aya 35 ma cewa ta yi a ba da rance ba tare da sa ran komai ba. Jikina ya yi sanyi.

Ban ce mutumin macuci ba ne. Ɗan adam ajizi ne. Bitrus ma ya kauce a Antakiya, har Bulus ya tsawata masa ido da ido (Galatiyawa 2:11). Mutanen Biriya kuwa kullum suna binciken Nassi don su tabbatar da abin da Bulus ya faɗa, an kuma yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11).

Amma dabarar karanta ayoyi goma ɗin nan ba ta ci a Littafin Ayuba. Abokansa suna magana sura bayan sura kamar masu hikima, sai a 42:7 Allah ya ce ba su faɗi daidai game da shi Allah ba. Wannan sai kun karanta shi har ƙarshe.