Ga masu fita zagayen tallata littafi

'Yan uwa marubuta, in za ku fita zagaye da sabon littafi, kada ku loda kwalayen duka a motar da za ku hau. Ku kai su tasha kwana biyu kafin tafiya, a ba direba saƙo, wani amintacce ya karɓa a can. Sai dai ku naɗe kowane kwali da leda mai kauri. Ni da damina ruwa ya taɓa jiƙa min kwafi kusan 30 a saman mota tsakanin Kano da Katsina, shafukan suka manne kamar an zuba musu koko. Kwafi 10 sun isa a jakar hannu, da biro biyu na sa hannu, don ɗaya sai an ara an tafi da shi.