Shawara ga dillalan gidaje masu ɗaukar bidiyo

'Yan uwa dillalai, idan za ku ɗauki bidiyon gida domin ɗorawa a WhatsApp ko Facebook, ku fara daga bakin layi, domin mai saye yana son ganin hanya da kwata tun kafin ya ga falo. Ku ɗauka da hantsi, lokacin da haske ya wadaci ɗakuna, kuma ku riƙa tafiya a hankali don kada hoton ya yi rawa. Idan gidan yana da rijiyar burtsatse, ku buɗe famfo a ga ruwa yana zuba, wanda a ganina ya fi kowane dogon bayani gamsar da mai saye da ke zaune a Legas ko Saudiyya. Takardar mallaka kuwa, ku rufe lambarta saboda 'yan damfara.